Hatimin Bahago

Ranar da Auta ta cika shekara goma sha shida ba ta roƙi ubanta waya ko sabon takalmi ba. Takarda ta kawo masa, fara sol, ta ɗora a kan gwiwarsa yana shan iska a ƙofar ɗaki bayan ya dawo daga shago. Bai nemi a karanta masa ba, don ya san takardar nan kamar yunwar cikinsa. Shekara huɗu ke nan da aka yi dokar da ta ce yaron da ya kai sha shida yana iya barin sakandare tun bai gama ba, bisa sharaɗi biyu: uba ko uwa su sa hannu a sama, sannan mai sana'a mai rajista ya buga hatiminsa a ƙasa, shaidar ya karɓi yaron zai koya masa aiki.

Bahago mai yankan gilashi shi kaɗai ya cika sharaɗin duka biyun. Shi ne uban, shi ne kuma mai hatimin. Ya karɓi biro daga hannunta, ya dafa takardar a cinya, ya zana sa hannunsa a layin uba yana murmushi har kunne.

"Hatimin yana shago, Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa ta ci. "Gobe in an tashe ku ki biyo da takardar."

Matarsa tana tsaye a bakin kicin da ludayi a hannu. "Baban Auta, shekara biyu fa ta rage mata. Biyu tak. Yayyenta huɗu duk sun gama, ita ce ƙafarta za ta karye a bakin ƙofa?"

"Su huɗun da suka gama, wane ne ya taɓa gane bambancin gilashin taga da na tebur?"

"Ai shi ya sa yatsunsu goma cif suke, ba tabo."

Auta ta tuntsire da dariya, ta fizge takardarta ta shige ɗaki. Sai ƙarshen wata za a rufe karɓar takardun a ofishin ilimi, saura kwana goma sha biyu, don haka babu wanda ya ga abin gaggawa.

Wanda bai san tarihin Bahago ba zai ce sakarci ne uba ya yi murna 'yarsa za ta bar karatu. To, shi dai makaranta ba ta bar masa abin tunawa ba sai baƙin ciki. Da hagu ya tashi yana kama komai, malamin ajinsu na farko kuma ya rantse sai ya raba shi da ita. A ɗaure masa hannun a jikin benci da tsumma, a saƙa masa fensir a dama, ya yi ta fama gumi na zuba, sannan malamin ya ɗaga littafin sama ya nuna wa aji ya ce ga inda kaza ta yi tono. Daƙiƙi ya zama sunansa na biyu, har shi kansa ya yarda. Yana da shekara sha huɗu, wata safiya ya fito da kayan makaranta a jikinsa, wani tsoho mai gilashi ya kira shi ya kama masa gefen wani faffaɗan falle su shigar da shi shago. Bai ƙarasa makaranta ba ranar, bai kuma sake komawa ba. Da tsohon ya ga ya ɗauki abin yanka da hagu yana ɗari-ɗari, jiran duka yake, sai ya ce masa gilashi bai san dama da hagu ba, hannun da bai rawa kawai ya sani.

Shekara talatin da 'yan kai ya yi a kan sana'ar. Tebur shimfiɗe da tsohon bargo, doguwar rula ta katako, abin yanka mai kama da alƙalami da ɗan wili a bakinsa, gwangwanin kananzir da ake tsoma shi. A auna, a danne rula, a ja layi sau ɗaya tak daga gefe zuwa gefe, a ji wannan siririyar ƙara kamar ana yaga sabon ƙyalle, a ƙwanƙwasa ta ƙasa, a ɓalle. Wanda ya koma kan layi sau biyu ya ɓata falle. Shagon nasa matse yake tsakanin kemis da mai gyaran waya, gilasai jingine a bango dama da hagu, tsakiya kuwa mutum biyu kawai take ɗauka. Na uku sai dai ya tsaya a waje ya miƙo awonsa.

Hatimin kuwa tsautsayin alheri ne ya kawo shi. Ya taɓa samun aikin tagogin wani ƙaramin asibiti, aka ce sai mai rajista, ya je ya yi. A lokacin, a duk layin shi kaɗai ke da shi. Da aka yi dokar, wani maƙwabci ya kawo masa ɗansa mai in'ina, wanda 'yan aji suka mayar abin dariya har ya daina magana gaba ɗaya. Bahago ya dubi yaron ya ga kansa, ya buga. Ka san mutane da labarin inda ake samun sauƙi, kafin wata uku har daga wasu unguwanni ake zuwa. Bai taɓa karɓar ko kwalbar lemo ba, bai kuma taɓa ɓoye wa kowa gaskiya ba. "Ka ga dai shagon babu wuri," haka yake cewa, "amma je ka nemi abin da hannunka yake so." Duk hatimin da ya buga, ji yake kamar ya kwance wa wani yaro tsumman nan daga jikin benci. Ya kwana da daɗin wannan a ransa shekara huɗu.

Wurin mutum na biyu a shagon kuwa tun tuni na Auta ne, ko da ba a faɗa ba. Tun tana shekara tara take bin sa ranar da ba makaranta, tana share ɓarɓashi. Tana sha biyu ta yanka madubi zagayayye, abin da shi sai da ya kai ashirin ya iya. Masu sayayya su tsaya kallo su ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A aji ba daƙiƙiya ba ce, ba kuma ta gaba-gaba ba, tana dai tafiya kowace safiya kamar wadda za a kai allura.

Washegari da hantsi ya ciro hatimin daga aljihun tebur, ya ɗiga masa tawada, ya gwada a bayan wani kwali don ya fito raɗau a takardar 'yarsa. Yana cikin haka wata mata ta tsaya a bakin shagon, siririya, da rigar aikin shara a cikin leda.

"Sannu da aiki, Malam."

"Yawwa, sannu Iya. Taga ce ko madubi?"

"Ɗana nake nema."

Ta ciro wata takarda da ta yi laushi saboda yawan naɗewa ta miƙa masa. Ga hatiminsa nan a ƙasa, na shekara biyu da suka wuce. Ta ce wata biyar ke nan yaron ya fita bai dawo ba. Da ya bar makaranta ya ɗan yi dako, ya ɗan yi wankin mota, daga nan sai kwanciya har azahar, sai abokan da ba ta san iyayensu ba. Ta je wurin 'yan sanda, ta leƙa asibitoci, har ɗakin ajiye gawa ta shiga sau biyu.

"Na san ba ya zuwa nan," in ji ta. "Ni na kawo maka takardar da hannuna, na yi maka godiya har ƙasa. Ba faɗa na zo yi ba, wallahi. Na gama zaga ko'ina ne, na ce bari in zo wurin wanda hukuma ta ce shi ne maigidansa. Ko ka taɓa ganin sa a hanya?"

Ta nuna masa hoto a waya. Yaro ne mai doguwar fuska, yana dariya da wushirya. Bahago ya kalla, ya sake kalla, ya goge idonsa ya matso da wayar. Bai san fuskar ba. Ko ɗigon tunawa babu. Da zagin sa ta yi da ya fi masa sauƙi, amma sai ta karɓi wayarta ta ce ba komai, Allah ya saka da alheri, ta tafi tana sauri kada ta makara wurin aiki.

Da Auta ta iso da yamma da takardarta, kwaɗo ta tarar a ƙofar shago.

Ofishin ilimi ya tafi. Ma'aikaciyar da ke bayan tebur ta danna kwamfuta, ta bugo masa sunayen da ke ƙarƙashin hatiminsa, ta ɗago tana dariya. "Kai, Baba, kamfani gare ka ashe? Yara goma sha tara!" Shi a ransa bai zaci sun wuce goma ba. Ya roƙe ta ta karanta masa adireshin, ya naɗe takardar ya sa aljihu.

Mako guda shagon yana rufe rabin yini. Ya bi lungu-lungu yana sallama a gidajen da bai sani ba, yana bayanin kansa kamar mai laifi. Wanda ya fara samu shi ne mai in'inar nan, yanzu yana da kujerar aski tasa a wani shago mai kyau, ya rungume shi ya ce da ya ƙara shekara ɗaya a ajin nan da ya haukace, kuma har ya mutu ba zai manta alherinsa ba. Bahago ya fito zuciyarsa wasai, ya ce ashe dai bai yi ɓarna ba. Ya sami wata yarinya ma tana ɗinki, lafiya lau. Daga nan hanya ta fara duhu. Uku ya tarar suna lodin buhuna a bayan wani sito, ɗayansu ƙugunsa ɗaure da ƙyalle yana tafiya kamar tsoho. Wani yana kwance a ɗaki da tsakar rana, uwarsa ta ce ya so ya koma makaranta bara, aka ce masa wanda ya fita da takarda ya fita ke nan, babu kome. Yaron bai ko juyo daga bango ba. Wani kuma a gindin gada ya same shi, ido jajur, da ya ji ko wane ne sai ya tashi ya sara masa kamar soja ya ce, "Maigida! Yaushe zan fara aiki?" abokansa suka fashe da dariya. Gidaje da yawa an tashi. Bakwai babu wanda ya iya ce masa ga inda suke, ɗan matar nan yana cikinsu.

Abin da ya fi cin sa shi ne ya kasa yanke wa kansa hukunci. In ya ce dokar ce mugunta, sai mai askin ya faɗo masa a rai. In ya ce alheri ce, sai ya ga bayan yaron nan da ya juya wa bango. Abinci ya daina shiga. Ya ɓata falle biyu a yini ɗaya, shi da sai ya shekara bai ɓata ɗaya ba.

Auta kuwa kullum da takardarta. Ranar farko ya ce ya fita aiki, ta biyu ya ce kansa na ciwo, ta uku ya ce tawadar ba ta da kyau. Saura kwana uku a rufe, ta tare shi da safe yana ɗaure igiyar takalmi, uwarta na jin su daga kicin.

"Baba, in akwai abin da na yi, ka faɗa mini."

"Ba abin da kika yi, Uwata." Bai ɗago ba. "Ba zan buga ba. Ki gama shekara biyun nan tukuna."

Ta nuna masa takardar. "Amma ka sa hannu."

"Na sa, na kuma yi kuskure." Ya ba ta labarin matar, da gindin gada, da yaron da aka hana komawa. Ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ya ce ƙofar nan in an fita ba a dawowa, shi kuma ba ƙarfe ba ne, in ya faɗi gobe shagon haya ne, da me za ta tsaya? Ya ce daga yau ma kada ta ƙara taka shagon sai ta kawo masa takardar gama sakandare, don ya lura gilashin ne ke raba mata hankali.

"Su waɗancan ai ba su da wurin zuwa ne, Baba. Ni ina da shi."

"Na gama magana."

Wannan ita ce karo na farko a rayuwarta da ya ce mata haka. Matarsa ta sami abin da take so, amma ko ita ba ta yi murna ba, ta dai bi shi da ido ta ce a hankali, "Hanin shagon kam ya yi yawa." Ya fice abinsa. A hanya ya yi ta gaya wa kansa gara ta yi kuka yanzu da ta yi daga baya, kuma ya kusa yarda.

Auta ba ta yi kuka ba. Ta sa kayan makaranta kwana biyu, ta gaishe shi kamar kullum. Ranar ɗaya ga wata ya fito ya same ta da kayan gida tana wanke-wanke, a lokacin da ya kamata a ce tana aji. Ta tsame hannu ta goge, ta ɗauko wata 'yar takarda daga kan taga ta ba shi da hannu biyu. Shaidar ofis ce, an karɓi takardarta, an cire sunanta daga makaranta. A gurbin maigida an rubuta shagon mai walda na ƙarshen layi.

Bai san sa'ad da ya isa can ba. Mai walda, wanda bai fi wata shida da yin rajista ba, ya ɗaga baƙin gilashin fuskarsa yana washe baki.

"A'a, Yaya Bahago! Ai ba sai ka zo godiya ba."

"Kai ka buga wa 'yata?"

"Ni ne mana. Na ga sa hannunka a sama, na ce ƙila tawadarka ce ta bushe. Mene ne a ciki? A wurinka muka ga ana yi."

"Kana da wurin da za ka sa ta?"

Mai walda ya waiga ya dubi rumfarsa, ƙannensa uku na gogayyar kafaɗa a cikin tartsatsi, ya yi dariya. "Wuri kuma? Haba Yaya, taimako ne kawai."

Bahago ya ga duk kalmar da zai faɗa wa mutumin nan kansa za ta dawo. Ya juya ya nufi ofis. Ma'aikaciyar ta gane shi, ta duba, ta ce ai uba ya sa hannu, mai sana'a ya buga, an shigar, ba ta da ikon taɓawa. Ya tsaya a gaban teburin har na bayansa ya ce Baba a matsa mana.

Da yamma ya share gefen teburin shago, ya wanke abin yanka na biyu da kananzir, ya sayo sabuwar rula marar nauyi. Ya dawo gida ya kira ta, ta zo ta durƙusa nesa kaɗan.

"Abin da ya faru ya faru. Na janye maganata. Gobe ki shirya mu tafi shago tare."

"Na sami aiki, Baba. Wani kamfani a bayan gari, ana liƙe kwalaye. Wata 'yar ajinmu ta da ce ta kai ni. Gobe zan fara."

"Liƙe kwali? Da wannan hannun naki?"

"Da ka ce hannuna ne bai iya ba, da na haƙura na ƙara koyo." Muryarta ba ta tashi ba, idonta na ƙasa. "Yaran mutane ka buɗe musu ƙofa ba ka tambaye su komai ba. Ni da ka san ni, ni ka rufe wa, saboda abin da ban yi ba. In na shiga shagon nan yanzu, kullum zan riƙa jin ba ka so aka yi ba. Ka yi haƙuri, Baba, ba zan iya ba."

Ya so ya daka mata tsawa ya ce shi ne ubanta. Ya dubi matarsa ko za ta sa baki, ta kawar da kai tana share ido da gefen mayafi. Ransa ya yi baƙi ƙirin, da haushin mai walda, da haushin masu doka, amma mafi yawa haushin kansa.

Da sassafe ya ji ta buɗe ƙofa. Ya zura takalmi ya bi ta a baya, da 'yar tazara, har bakin titi inda ma'aikata ke jiran mota. Ta fi kowa ƙanƙanta a layin, da abincinta a leda. Sai da motar ta tsaya ta waigo, ashe tun daga gida ta san yana biye.

"Baba, ka koma, za ka makara buɗe shago."

"To, Uwata. Allah ya tsare."

"Amin."

Ta shiga, ta sami wuri a tsaye tsakanin manya, ta kama ƙarfe. Ya tsaya yana kallo har motar ta sha kwana. A nan ne ya tuna bai tambaye ta sunan kamfanin ba.